Akuyar Habboba da Kwalbar Fau

Wautar da na fara yi ita ce shinshina kwalbar maganin ƙwarin. Na buɗe murfin, na kai hanci kamar mai zaɓen turare a kasuwa, na ja numfashi sosai, sannan na tsaya ina jira in ga ko zan faɗi. Da na ga ban faɗi ba, sai na yanke hukunci cewa maganin ba shi da wani ƙarfi. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, kuma a ganina duk faɗin garinmu Gadarif babu wanda ya kai ni sanin noma, alhali abin da na taɓa shukawa a duniya ƙwallon mangwaro ne guda ɗaya, shi ma ranar da ya fito da ganye biyu akuya ta cinye shi.

Akuyar ta Habboba ce, kakata wadda ta haifi Baba. Ja ce mai farin goshi, kuma ni da ita ba ma shiri. Ta ci littafin lissafina tun daga bango har tsakiya. Da na faɗa wa malam ya ce to madalla, tunda ita ta ci, gobe ita za ta zo ta rubuta jarrabawa. Ta ci igiyar shanya. Ta ci rabin sabulun Inna, ta yini tana gyatsa mai ƙamshi. Akwai ranar da ta kama gefen jallabiyata ina tsaye ina salla, ta yi ta tauna a natse har na sallame, don ta san ba zan iya harbinta ba ina gaban Allah. Na sha faɗa wa mutanen gida cewa in aka bar ta da motar dakon dawa, kafin la'asar tayoyi kawai za a tarar, su ma don ta ƙoshi ne.

Amma a gaban Habboba ba a taɓa jar akuyar nan. Mutanen Habboba makiyaya ne, a bayan garke aka haife ta. Lokacin da aka kawo ta gari gidan kakana, shanun mahaifinta sun riga sun ƙare, abin da ya iya ba ta awaki uku ne. Duk akuyar da aka taɓa ɗaurewa a gidanmu daga ukun nan ta fito. Habboba tana iya jero maka su, uwa bayan uwa: wadda ta haifi tagwaye sau huɗu, wadda ke buɗe ƙofa da ƙaho, wadda ta ɓace kwana tara ta dawo da kanta ranar idi. Ciwo ya ɗebi wasu, larura ta sa aka rabu da wasu, har ya zama jar nan ce kaɗai ta rage. A daminar da nake ba da labarinta tana da ciki. Kullum sai Habboba ta shafa cikin ta ce, "Mace ce, in sha Allahu. Hannuna ya gaya mini."

Kamar kowace kaka da jikanta namiji, "maigida" take kirana, ni kuma in ce mata "amarya".

"Amarya, tsakani da Allah, ni da akuyar nan wa kika fi so?"

"Maigida, ita nono take ba ni kullum safiya. Kai me ka taɓa ba ni ban da ciwon kai?"

"Ni fa zan kai ki Makka."

"Da wace ƙafa? Kakannin ubanka daga yamma suka tako har nan a ƙasa. Kai ko kanti aka aike ka sai ka tsaya jiran raksha mai ƙafa uku."

Bayan guttiyar Habboba, wato ɗakinta mai jinka, akwai 'yar garka da aka kewaye da ƙaya da kara. Kuɓewa layi shida, sai lalo da yakuwa, da wake yana bin shinge. Daga nan muke samun miya duk damina, abin da ya yi saura a yanka a shanya don rani. A kusurwar gabas, inda ruwan jinka ke zuba, ciyawa takan tashi kore shar har gwiwa. Wannan ciyawar ba a nome ta, ta akuya ce. Kullum da hantsi, in raɓa ta bushe, Habboba za ta ɗauki ɗan laujenta ta yanko runguma ɗaya. Ba ta taɓa yanka da sassafe, ta ce jiƙaƙƙiyar ciyawa kumbura cikin dabba take yi. Kowa a gidan ya san wannan. Ni ma na sani.

A shekarar ƙwari suka sauka wa kuɓewar. Ƙanana ne, baƙaƙe, masu tsalle, suka mai da ganyen kamar rariya. In da a lokacin ka tambaye ni, zan ce maka girman kowanne ya kai ɗan tsako, kuma ina jin ƙarar taunarsu daga aji. Habboba ta yi ta barbaɗa toka, ta jiƙa ganyen darbejiya tana yayyafawa da tsintsiya. Ni kuwa ina jingine da shinge ina ba ta shawara.

"Amarya, kin sa musu gishiri, saura yaji."

"Matsa mini, maigida, kafin in barbaɗe ka kai ma."

Ana cikin haka kawuna, ƙanen Inna, wanda ke aikin gonar auduga a Fau, ya zo mana kwana biyu. Ya ga kuɓewar, ya girgiza kai, ya buɗe jakarsa ya ciro kwalbar lemo cike da wani ruwa mai kalar shayi. Ragowar abin da suka fesa wa auduga ne wani ya ɗura masa. Babu rubutun komai a jiki, sai hoton lemon zaƙi. Inna ta tambaye shi yadda ake haɗawa. Ya ce murfi ɗaya a jarka. Ya ɗan yi tunani ya ce ko biyu. Ya sosa ƙeya ya ce, to, dai kaɗan.

Baba direban tarakta ne a manyan gonakin Doka, ran Alhamis yake dawowa gida ya koma Asabar. Da ya ga kwalbar ransa ya ɓaci. Ya ce can gona masu feshi sai sun rufe hanci da baki, sun sa safar hannu da riga mai dogon hannu, kuma sai an karanta abin da ke jikin galan kafin a zuba. Ya ce abin da aka yi don auduga ba a kai shi kan abin da za a sa a miya, balle abin da ko sunansa ba a sani ba. Ya miƙa hannu ya cusa kwalbar can saman rumfar da muke zama da rana, tsakanin itace da jinka. Ya ce kada kowa ya taɓa, zai mayar wa mai ita. Mako biyu suka wuce bai mayar ba. Ni kuma duk ranar da na kwanta ƙailula a ƙarƙashin rumfar, gindin kwalbar nake kallo.

Na tsara komai a kaina. Zan yi feshin a ɓoye. Bayan kwana uku kuɓewa ta farfaɗo, Habboba ta fito tana yabon tokarta, ni kuma in gyara murya in ce, amarya, zauna in ba ki labari.

Ran wata Juma'a da safe dama ta samu. Baba ya tafi kasuwa, Habboba ta shiga maƙwabta barkar wata da ta haihu, Inna tana wanki can ƙofar gida. Na kifa turmi na hau, na sauko da kwalbar. A nan ne na shinshina. Sannan na jawo tsohon injin feshi na goyo da Baba ya jefa a ɗakin kaya, na cika shi da ruwa, na zuba murfi ɗaya. Ruwan bai wani canja ba. Na ƙara biyu. Na tuna ƙwarin nan da yadda suke tsalle kamar suna yi mini gwalo, sai na ajiye murfin na tuttula da bakin kwalba, har ruwan ya koma fari kamar madara. Da na ɗaga kwalbar na duba, rabi ya tafi.

Daga ni sai singileti da gajeren wando, ko takalmi babu. Injin yana yoyo, ruwan yana bin bayana. Iska tana dawo mini da feshin a fuska, ina gogewa da bayan hannu ina ce wa ƙwarin, "Ina tsallen? A yi tsallen mana!" Na yi wa kowace kuɓewa wanka har tana ɗiga. Na gama layi shidan, injin da sauran nauyi a bayana. Sai na ji muryar Habboba ta bayan katanga tana sallama da maƙwabta. Na rasa inda zan kai ragowar. Na sauke injin, na buɗe, na juye shi gaba ɗaya a kusurwar gabas, cikin doguwar ciyawa, don a can ne ba za a ga jiƙar ƙasa ba. Wallahi a wannan lokacin akuya ba ta zo mini a rai ba. Abin da ke raina kawai kada a kama ni.

Na mayar da komai inda yake. Na watsa ruwa a jiki sama-sama, na mayar da singiletin nan, na ɗora jallabiyar Juma'a a kai. Kafin azahar kaina ya fara sarawa, bakina yana tara yawu. Na ce rana ce. Da muka fito za mu masallaci da Baba, na hango akuyar a turkenta tana tauna, kore a bakinta, ta bi ni da ido yadda ta saba.

Sai da liman ya yi nisa da huɗuba abin ya faɗo mini. Hantsi ya wuce tuni, kuma da hantsi Habboba take yankan ciyawa, kuma a kusurwar gabas take yanka. Na ce wa kaina akuyar da ta ci sabulu ta kwana lafiya, wannan ɗan ruwan me zai yi mata. Da wannan na lallashi kaina har aka sallame.

Muka dawo muka tarar da matan maƙwabta cike da tsakar gida. Akuyar tana tsaye ƙafafu a wawware, jikinta yana rawa tun daga wuya har wutsiya. Yawu yana dalala daga bakinta kamar zare, idanunta suna zubar da ruwa, zawo ya ɓata mata baya. Habboba tana durƙushe ta rungume wuyanta, tana yi mata magana da harshen makiyaya, wanda a gidanmu ba ta yi da kowa sai da ita.

"Yumma, me ta ci?" in ji Baba, don haka yake kiran mahaifiyarsa.

"Ciyawarta ta kullum. Na same ta a jiƙe, na ce raɓa ce ba ta gama bushewa ba. Na baza ta a rana, amma na yi gaggawa. Ban bari ta sha iska ba."

Hancin Habboba ya daɗe da daina jin wari, tun wata mura da ta kwantar da ita shekarun baya. Akuyar kuwa ba ta taɓa ƙin abin da aka ba ta ba.

Maƙwabcinmu, wani dattijo mai kiwon tumaki, ya shigo ya matsa cikin akuyar ya ce kumburi ne, a kawo man riɗi da kanwa. Aka kawo. Ni aka ce in riƙe ƙahonin. Na riƙe. Aka ɗaga kanta aka ɗura mata, ta shaƙe, tana tari, man yana fitowa ta hanci. Ina jin rawar jikinta tana shiga hannuwana. Maganar tana bakina, sau uku ina buɗe baki. Na farko na tuna ɗamarar wandon Baba. Na biyu na ce bari man ya yi aiki, wataƙila kumburin ne da gaske. Na uku Habboba ta riga ni.

"Ni na kashe ta," ta ce. "Ni da aka haifa a bayan garke, yau ni na ba dabba jiƙaƙƙiyar ciyawa da hannuna. Tsufa ya zo."

"Maalesh, sai haƙuri, Hajja," in ji matan. "Allah ne mai yi."

Na yi shiru. Na fi awa guda ina wannan shirun. Kowa ya san ni da ƙari a magana, amma a nan ban ƙara ba, in ma akwai to ragi ne.

Akuyar ta zube ta kwanta ta gefe, numfashinta yana fita da gurnani. Dattijon ya ja Baba gefe ya ce ba za ta kai magariba ba, in kuwa ta mutu haka ta zama mushe. A wurinmu ba a barin dabba ta mutu da kanta in da wuƙa a kusa. A yanka, a raba naman gida-gida, kowa ya ce Allah ya mayar da alheri. Baba ya je ya durƙusa gaban Habboba.

"Yumma, ki ba ni izini."

Ta kwance igiyar daga wuyan akuyar, ta naɗe a hannu, ta shige guttiyarta ta saki labule.

Baba ya zauna yana wasa wuƙa a dutse. Inna ta fito da babban faranti. Dattijon ya fara jero gidajen da za a kai wa: nasa, da na ƙarshen layi mai yara da yawa, da na mai jegon nan da Habboba ta je wa barka da safe. Ya ce hantar a kai wa mai jego, ita ta fi bukata. Jaririnta kwanansa uku a duniya.

"Ya walad, kai yaro, riƙe mini ƙafafun baya," in ji Baba.

Na durƙusa na kama. Ya juya kanta alƙibla, ya shafa wuyan yana neman wurin yanka.

"Baba, kada ka yanka."

"In ba za ka iya kallo ba, saki ka tashi."

"Naman ba zai ciwu ba. Ba raɓa ba ce. Ni na zuba maganin kawu a ciyawar."

Na ɗauka za a ji ƙarar marin har garin Fashaga. Ba a mare ni ba. Baba ya ajiye wuƙar a ƙasa a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Nawa ka zuba?"

"Rabi."

"Rabin murfi?"

"Rabin kwalba."

"Kuɓewar fa?"

"Duka na fesa."

Inna ta saki farantin. Ta ruga madafa ta fito da kwano cike da yankakkiyar kuɓewa, wadda ta tsinko bayan mun tafi masallaci. Ruwan miya yana kan wuta, tafasa kawai take jira ta zuba. Ta tsaya riƙe da kwanon nesa da jikinta tana salati. Matan maƙwabta suka fara janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya kira likitan dabbobi a waya. Juma'a ce, ga shi an yi ruwa shekaranjiya, baƙar lakar unguwarmu kuwa ba ta barin raksha ta shigo. Sai da likitan ya sauka a bakin titi ya tako da ƙafa, ya iso takalmansa sun zama kamar tubali biyu. Ya buɗe idon akuyar ya nuna wa Baba yadda baƙin ya tsuke ya koma kamar zare. Ya ce a kawo kwalbar. Ya riƙe ta da leda, ya duba gaba, ya duba baya.

"Me zan karanta a nan? Lemon zaƙi?"

Ya yi mata allura bisa abin da ya gani a jikinta. Ya tambaya tun yaushe ta fara dalalar da yawu, aka faɗa masa. Ya tambaya wa ya ɗura mata mai. Dattijon ya kalli ƙasa. Likitan ya ce man ya gangara huhu, kuma mai ba ya kashe irin wannan guba, sai dai ya buɗe mata hanya. Ya ce da tun yawun farko aka kira shi aka ce magani ne, da yana da abin faɗa. Yanzu sai dai a jira. Nama kuwa, ko ta mutu ko an yanka, ko kare kada a ba.

Sannan ya juyo ya dube ni.

"Kai ne injiniyan?"

Ban samu amsawa ba, amai ya riga ni. Ya jira na gama, ya ɗaga wuyan jallabiyata ya ga singiletin.

"Da wannan ka yi feshin? Tun safe yana jikinka?"

Ya sa aka tuɓe ni. Baba da kansa ya cuɗe ni da sabulu har sau biyu a bayan ɗaki, kamar ɗan yaye. Aka ƙulle kayana a leda. Likitan ya ce shi na dabbobi ne, amma wannan ɗan bunsurun a kai shi asibiti yanzu, kuma a tafi da kwalbar.

Labulen guttiya ya ɗaga. Habboba ta ji komai, ɗakin kara ba ya tare magana. Ta fito ta riga ta yafa mayafin fita. Ta bi ta gefen akuyar. Na ga ƙafarta ta ɗan tsaya daidai kanta, amma ba ta sunkuya ba. Ta zo ta kama haɓata ta ɗaga fuskata, ta buɗe idona da yatsa yadda take yi wa dabba.

"Ni zan kai shi."

"Yumma, zauna wurin akuyarki," in ji Baba. "Uwarsa za ta kai shi."

"Uwarsa ta yanka kuɓewar nan da hannunta. Ta je ta wanke jiki ta kula da ƙannensa. Kai kuma likita yana bukatar mai riƙe masa. Kawo kwalbar."

Daga gidanmu zuwa titi ba nisa, amma ranar ya zama kamar zuwa Doka. Laka tana cire mata takalmi, ta tsaya ta zaro da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da tsintsiyar hannuna bai saki ba. Muna jin kukan akuyar a bayanmu har muka sha kwana. Ba irin kukanta na neman abinci ba ne. Habboba ba ta waiwaya ba. A cikin raksha ta ɗora kaina a cinyarta, ta ce wa direban ya bi a hankali, sannan ta ce masa ya yi sauri.

A asibiti aka yi mini allura aka sa mini ruwa. Likitan mutane ma ya juya kwalbar ya yi irin faɗan da na dabbobi ya yi, har na fara zaton aji ɗaya suka yi. Ya ce abin ya zo da sauƙi, amma ba zan koma gida ba sai gobe. Habboba ta zauna a ƙasa gefen gadon. A nan na lura igiyar akuyar tana naɗe a hannunta har yanzu, ta manta da ita.

"Amarya," na ce, ko za ta yi murmushi.

Ba ta yi ba.

"Habboba, ki yafe mini."

"Yi numfashi."

"Ban tuna da akuyar ba. Wallahi kuɓewar nake so in gyara miki."

"Na sani."

Ta daɗe tana kallon igiyar. Sannan ta ce, "Feshin yarinta ce. Ubanka ma da ya bar abin a saman kanmu mako biyu yana da nasa. Amma kana riƙe da ƙahonta kana ji ina cewa ni na kashe ta. Kana ji."

"Tsoro na ji."

"Ni ma tsoro na ji, yaro."

Lokacin la'asar ya riga ya shige, ta tashi ta shimfiɗa gefen mayafinta ta yi salla a nan gefen gadon. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa sai ta ɗaga kai, ko wani ne daga gida. Na ce ta koma, na warke, yanzu ma zan iya tsere da raksha in wuce ta. Ta ce sai ruwan ledar ya ƙare. Ban taɓa ganin ruwa mai nawa irin wannan ba. Ɗigo ɗaya sai ya yi shawara da 'yan uwansa kafin ya sauko. Na yi ta kallonsa ina roƙon Allah ya gaggauta shi, don ta samu ta koma ta same ta da rai, ko da hannu ne ta ɗora mata a goshi.

Ruwan bai ƙare ba Baba ya shigo, gab da magariba. Baƙar laka ta ɓata shi har gwiwa, hannuwansa ma har gwiwar hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa. Habboba ta dubi hannuwan nan.

"Yumma," ya ce.

"Na gani," in ji ta. "Zo ka duba ɗanka."

Akuyar ta mutu ba mu daɗe da isa asibiti ba. Likitan dabbobin ya ce kada a bar ta a fili, don haka Baba da dattijon suka haƙa rami mai zurfi can bayan gidanmu, nesa da inda ake ɗiban ruwa. Suka binne ta da abin da ke cikinta, da kuɓewar kwanon, da ragowar ciyawar, suka jera duwatsu a kai saboda karnuka. Habboba ba ta ga gawarta ba. Washegari aka sallame ni, aka kuma tumɓuke garkar gaba ɗaya. Habboba ba ta sake kiwon akuya ba.